Dokar Abdulmuhaimin ta Farko

Idan za a jera ni'imomin da Allah ya yi wa garin Keffi, kamata ya yi a fara da Dokta Abdulmuhaimin, a ɗan numfasa, sannan a ambaci sauran. Shi da kansa ya tsara jerin a haka, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi a kansa ba.

Shi ne shugaban sashen kimiyyar sinadarai a wata kwaleji mai zaman kanta da ke bakin hanyar Garaku. Dogo ne, mai tumbin mutunci, mai tabarau biyu: ɗaya a ido, ɗaya rataye a wuya saboda ranar da ilimi zai yi wa guda ɗaya yawa. Farar rigar ɗakin gwaji ba ta rabuwa da jikinsa. A kan kaftani yake ɗora ta, da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa cefane. Shekara da shekaru rigar nan ba ta taɓa yin tabo ko ɗaya ba. Masoyansa sun ce tsafta ce. Mu ma haka muka ce.

Ya taɓa zuwa Turai sau ɗaya, wani taro da bai kai mako ba. Tun daga nan in zai yi magana sai ya ce, "A can wajenmu." Kuma Allah ya ba shi wata baiwa ta jan kaya. Duk abin ƙarfe da ya shigo sashen, firji ne, fanka ce, kujera mai juyawa ce, kafin a ankara ya manne a ofishinsa. Shi ya sa ɗalibai suka raɗa masa suna Mayen Ƙarfe. Da sunan ya kai kunnensa sai ya gyaɗa kai, ya ce yaran sun fara fahimtar darajar maganaɗisu.

A sashen akwai wata matashiyar malama, Dokta Mabel, wadda ba ta daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Dokta Abdulmuhaimin bai taɓa kiranta Dokta ba. A ganinsa sashe ɗaya ba ya ɗaukar dokta biyu, kamar yadda mota ba ta ɗaukar direba biyu. "Malama Mabel" yake ce mata, ranar da ya tashi da fara'a kuma ya ce "'yata."

Aikin Mabel mai sauƙin faɗa ne. Leda da roba, in da ido zai iya ganin cikinsu, wasu dogayen sarƙoƙi ne sirara a cukurkuɗe kamar taliya a tukunya, kuma kullum cikin motsi suke. Idan aka niƙa yumɓu ya zama ɓawo-ɓawo ƙanana ƙwarai, waɗanda masana ke kira nano, aka cuɗa shi da robar, sarƙoƙin da ke jikin yumɓun sukan rage motsi, iska kuma ta sha wuyar ratsawa. Leda irin wannan tana iya sa abinci ya ƙara daɗewa. Mabel ta debo yumɓu daga wani kududdufi a bayan Panda, ta kuma yi magana da matan rugar wajen, waɗanda nononsu ke lalacewa in rana ta take kafin su sayar. Shugabarsu, Hapsatu, ta ce in dai ledar za ta riƙe nono zuwa la'asar, to su a shirye suke su gwada.

Abin da ya rage shi ne a san yawan yumɓun da ya dace, kuma wannan sai da na'ura. Malamar da ta koyar da Mabel a waje, wata Farfesa Judit, ta aiko da tsohuwar na'urarsu kyauta. Akwati ce fara, ba ta fi ƙaramin firji ba, da maganaɗisu mai ƙarfi a cikinta. A samanta akwai ɗan rami mai murfi, inda ake zura siririyar kwalba da abin da za a auna. Na'urar takan buga wa abin sautin rediyo, ta saurari amsa-kuwwar da zai mayar. In sarƙoƙin a ƙage suke, amsar takan mutu nan take. In suna yawo sakaka, sai ta ja lokaci. Kwamfuta ta zana layi, mai karatu ya karanta. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: bayan wasu watanni Farfesa Judit za ta zo ta ga aikin da aka yi. In ba a yi komai ba, na'ura ta wuce wata makarantar.

Ranar da na'urar ta iso, Mabel ta haɗa wayoyi, ta bar maganaɗisun ya ɗumama, ta zura wata 'yar kwalbar mai da ake aikowa da ita don a tabbatar na'ura na da lafiya. Ta mayar da murfi, ta danna koren maɓalli. Layi ya fito, kyakkyawa, yana gangarowa a hankali. Ta yi murmushi, ta tafi aji.

Ta dawo ta tarar da tebur wayam.

Mayen Ƙarfe ya yi aikinsa. Masinjoji sun ɗauke na'ura da kwamfutarta da duk robobin gwaji da Mabel ta haɗa, sun kai ofishin shugaba. An shimfiɗa wa na'urar farin leshi, an ɗora mata kwalbar furen roba daidai kan murfin. An sa wa ƙofa sabon kwaɗo, makullin ya hau wuyan Dokta, kusa da tabarau na biyu.

"Yallaɓai," in ji Mabel daga bakin ƙofa, "ban gama ba. Akwai kwalbar da na bari a..."

Ya ɗaga mata hannu. "'Yata, a can wajenmu ba a barin irin wannan kaya a hannun ƙananan ma'aikata. Wannan na'ura ta ƙetare teku. Ta zo neman babba, kuma ta same shi. Ki je ki ci gaba da niƙa ƙasarki. In an kai matakin da ake buƙatar ƙananan hannuwa, za a neme ki."

Takardar tabbatar da ita a aiki tana kan teburinsa tana jiran sa hannu. Mabel ta dubi takardar, ta dubi furen roba, ta ce, "To, Yallaɓai."

Daga nan aka shiga zamanin bincike. Kowace safiya Dokta yakan kulle ƙofa, ya gyara rigarsa, ya ɗauko guntun roba guda daga kayan Mabel. Ya ga masu sayar da nama, ya ga masu sayar da zinariya, ya san yadda ake awo a duniya: a kan ma'auni ake ɗora abu. Don haka ya sa aka kawo masa faranti na tangaran daga gida. Ya ɗora roba a faranti, ya ɗora faranti a kan leshi kusa da fure, ya yi bisimilla, ya danna koren maɓallin da ya ga Mabel ta danna.

Layi ya fito, kyakkyawa, yana gangarowa a hankali.

Ya ɗora mai yumɓu kaɗan. Layin nan ne. Ya ɗora mai yumɓu da yawa. Shi ne dai. Ya ɗora wadda ba ta da yumɓu ko ƙwaya. Layin bai gusa ko da faɗin gashi ba. Da ƙaramin masani ne, da ya firgita, ya fara zargin kansa. Dokta ba ƙaramin masani ba ne, kuma zargin kai ba ya cikin abubuwan da ya karanta. Ya jingina da kujera mai juyawa, ya juya sau ɗaya cikakke. Abin da ya gagari Turawa da ɗakunan gwajinsu masu sanyi, ga shi ya faɗo a kan farantin uwargidansa.

Aka kira taron gaggawa na malaman sashe.

"'Yan uwa," ya ce, yana riƙe da takardar layin kamar jaririn da za a raɗa wa suna, "duniya ta daɗe cikin duhu. Ana ta cewa yumɓu yana hana sarƙa motsi. Ƙarya ne. Na auna da hannuna, ba aike na yi ba. Ku rubuta. Sarƙar roba, da yumɓu ko babu yumɓu, da safe ko da yamma, motsinta ɗaya ne, kuma sulɓi take yi kamar mai. Wannan ita ce Dokar Abdulmuhaimin ta Farko. Na ce ta farko ne don kada ta biyu ta zo ta rasa wurin zama."

Malamai suka tafa, domin lokacin rabon darussa ya kusa. Mabel ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, wannan layin na san shi. In za ka bari a ɗaga furen nan, a buɗe..."

"Kun ji ko?" Ya juya ga sauran yana murmushin haƙuri. "Ta san shi. Jiya-jiya aka haife shi a ofishina, amma ta san shi. Duk wanda ya gano abu a tarihi sai an samu mai cewa da ma ya sani. Ban yi fushi ba, 'yata. Hassada ma wani nau'in girmamawa ne."

Dokar ta fita gari. Ya faɗe ta a wajen walimar suna a Gangaren Tudu, har shinkafa ta huce. Ya faɗa wa mai wankin motarsa. Ya sa aka buga ta a babban ƙyalle da hotonsa, yatsa ɗaya a goshi, aka rataya a ƙofar sashe. Ɗalibai suka haddace ta kamar karatun allo, domin an yi musu albishir cewa za ta fito a jarrabawa. Baƙi kuwa sai da izini ake shigar da su ganin na'ura, kuma a bakin ƙofa ake cire takalmi.

Wata Talata Hapsatu ta biyo da ƙwaryarta a ka, ta zo jin labarin leda. Ta nemi Mabel, aka ce ai yanzu maganar ta wuce hannun Mabel. Aka shigar da ita wajen shugaba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Likita, mun ji shiru ne. An ce injin ya zo."

"Ba likita ba, Dokta. Likita jiki yake dubawa, ni kuwa asirin halitta." Ya nuna na'urar da tafin hannu. "Baiwar Allah, abin da ke gabanki ya fi ƙarfin ruga. Muna magana ne a kan nano."

"E, nonon ne ya kawo ni."

"Nano na ce."

"To, ai shi ne. Zafin nan kafin azahar ya tsinke, ya yi tsami, sai mu zubar ko mu bayar a banza. Malama ta ce akwai ledar da za ta riƙe shi."

Dokta ya cire tabarau na farko, ya sa na biyu. Ya yi mata bayanin Dokar tun daga tushe, ya zana mata sarƙa a iska da yatsa, ya ambaci sunayen birane uku na Turai. Ya nuna mata cewa bisa ga bincikensa yumɓu ba ya ƙara wa leda komai, saboda haka matsalar nononta, a ilmance, babu ita. Hapsatu ta saurara har ya gama. Ta leƙa ƙwaryarta, ta sunsuna, ta rufe da faifai.

"Na yau ma ya tafi," ta ce. "Allah ya ƙara ilimi, Likita."

Ya amsa da "amin" mai ƙarfi. A ransa ya ji daɗin yadda ilimi ke ratsa talakawa.

Ranar zuwan Farfesa Judit aka kafa rumfuna, aka ɗauko makaɗa, aka yi wa itatuwan harabar kwaleji farin fenti har gwiwa. Dokta ya sa an goge farar rigarsa da sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Baƙuwar ta sauko daga mota: 'yar tsohuwa ce gajeriya, da takalmin roba da jakar goyo. Dokta ya leƙa bayanta yana neman farfesar. Da aka ce ita ce, sai ya ji tausayin Turai.

Ta hango Mabel a can bayan rumfa, ta ɗaga mata hannu. Kafin su gaisa an ja baƙuwa zuwa babban tebur, an ba Dokta makirfo.

Ya yi magana da Turancin da ya tanada tun watan jiya. Ya fara daga halittar ƙasa, ya biyo ta kan tukwanen kakanni, ya iso ranar haihuwarsa. "Ya ke baƙuwarmu," ya ce, "kin aiko mana da akwati, mun mayar miki da doka. Kada ki ji kunya. Ilimi haka yake, yau yana wajenku, gobe ya yi ƙaura. Ki koma ki gaya musu cewa ya sauka a Keffi, kuma an ba shi masauki a ofishina." Makaɗa suka buga. Aka ɗaga ƙyallen Dokar, da layukan awo jere a ƙasa, dukkansu kamar an haife su rana ɗaya.

Farfesa Judit ta tashi ta matsa kusa da ƙyallen. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, cikin ladabi, tana so ta ga yadda ake awon.

Abin da Dokta ke jira ke nan. Aka ɗunguma zuwa ofis: shugaban kwaleji, manyan malamai, mai ɗaukar hoto, da ɗalibai cike da taga. Baƙuwa ma sai da ta cire takalmi. Dokta ya naɗe hannun riga, ya ɗauko roba mai yumɓu, ya nuna wa jama'a gaba da baya kamar mai dabo. Ya ɗora a faranti, ya ɗora faranti a kan leshi, ya danna kore. Layi ya fito. Aka tafa.

"A nan kake sa shi?" in ji baƙuwar. "Kullum?"

"Kullum. Daidaito shi ne sirrin aikina."

"Don Allah ɗauke farantin, ka sake dannawa."

Ya yi dariyar manya, ya ɗauke, ya danna. Layi ya fito, kyakkyawa, yana gangarowa a hankali, bai bambanta da na ɗazu da komai ba.

Shugaban kwaleji ya dubi faranti a hannun Dokta, ya dubi kwamfuta. Dokta ma ya duba. Na ɗan lokaci wani abu ya motsa a fuskarsa wanda ba a saba gani ba. Amma babban mutum ba ya daɗewa a ƙasa. Idanunsa suka yi haske, ya ɗaga farantin sama.

"Allahu Akbar! Jama'a ku shaida! Ko babu roba ma Dokar tana aiki! Wannan ita ce ta Biyu!"

Mutum biyu suka fara tafi, suka ga ba mai taya su, suka mayar da hannu aljihu.

Farfesa Judit ta ɗauke kwalbar furen roba ta miƙa wa shugaban kwaleji, ya karɓa don bai san abin da zai yi ba. Ta yaye leshi. Ta buɗe ɗan murfin da Dokta bai taɓa sanin yana buɗuwa ba. Ta sa yatsu biyu ta zaro siririyar kwalba, ta ɗaga ta a hasken taga. Wani ruwa rawaya ya yi lilo a ciki.

"Man gwaji ne," ta ce. "Shi kake aunawa tun ranar farko. Na gode da ka tabbatar mana bai lalace ba."

Daga taga wani ɗalibi ya fassara wa na baya da Hausa, na baya suka fassara wa na bayansu. Ana jin dariyar tana tafiya, tana gangarowa a hankali har bakin rumfa, inda makaɗa suka ɗauka alama ce suka kama kiɗa.

Baƙuwar ta juya ta tambayi Mabel awo nawa ta samu ta yi. Mabel ta dubi makullin da ke wuyan shugabanta, ta ce ko ɗaya.

Ba a ci abincin rana da baƙuwa ba. Kafin mako ya zagayo mota ta zo ta ɗauki na'urar zuwa wata makaranta a wata jiha. Mabel ta bar wa Dokta takardar tabbatarwar a kan tebur, ta tattara robobinta da buhun yumɓunta ta bi na'ura. Ta biya ta Panda ta yi wa Hapsatu sallama, ta ce in aikin ya yi kyau za ta dawo da ledar da kanta. Hapsatu ta ce Allah ya sa. Har yanzu da sassafe take fitowa, tana sauri ta riga rana.

Kwaleji ba ta ɗauki abin da wasa ba. Aka kafa kwamitin binciken yadda aka yi asarar na'ura, kuma da aka duba wanda ya fi kowa daɗewa tare da ita, sai aka ga babu kamar Dokta Abdulmuhaimin. Shi aka ba shugabanci. Kwamiti ya zauna, ya sha lemo, ya gano cewa an ɓoye mai a cikin na'urar ba tare da sanar da hukuma ba. Ya ba da shawarar cewa nan gaba duk mai son yi wa kwaleji kyauta ya aiko da na'urar da ba ta da rami.

Ɗalibai kuwa sun sauya masa suna. Yanzu in ya ratso harabar kwaleji da farar rigarsa, sai ka ji daga ƙarƙashin bishiya an ɗaga murya: "Mai mai! Mai mai ya iso!"

Ya tambayi masinjansa abin da suke nufi. Masinja, mai iyali ne, ya ce ai irin manyan attajiran fetur ɗin nan suke kwatanta shi da su.

Tun daga ranar, in aka kira, har hannu yake ɗagawa.